LAFIYA UWAR JIKI: Yaron da bai buɗe baki ba, kada mu zauna jira

  

Abin da ya kawo zancenmu na wannan karo kuwa shi ne, a watannin baya mun je wani suna a Kumasi. Bayan an watse, sai wata Hajiya, dattijuwa, ta sa aka kira mu zaure, ta ce, "Malam, ku da kuke rubutu a jarida kuna jin labarin duniya, ina da wata damuwa. Jikana ga shi nan, shekararsa uku da rabi, amma ban da 'mama' babu abin da yake faɗa. In yana son abu sai ya ja zanena ya nuna da yatsa."

Muka ce, "Hajiya, me aka yi a kai?"

Ta ce, "An kai shi wurin wanzami ya yanke masa linzami, an yi masa rubutu ya sha. Dangin ubansa kuma sun ce mu kwantar da hankali, gado ne, ubansa ma bai yi magana da wuri ba."

Muka ce, "To Hajiya, in kika kira sunansa daga bayansa, bai gan ki ba, yakan waiwayo?"

Sai ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Malam, sai an taɓa shi, ko an ɗaga murya. Mu dai mun ɗauka taurin kai ne." Da muka ƙara tambaya sai ya bayyana cewa tun wajen yaye kunnen yaron ke zubar da ruwa, ya tsaya ya dawo, ana ɗiga masa magani a gida.

Muka ba ta shawara a kai shi babban asibiti a auna jinsa. Aka kai shi, aka tarar jinsa ya ragu a kunne biyu. Aka yi maganin kunnen, kana aka haɗa uwarsa da wata masaniyar gyaran magana, wadda take ganinsu ta wayar hannu sau ɗaya a mako. Da muka sake haɗuwa da Hajiya kwanan nan ta ce yaro ya fara haɗa kalma biyu, yana cewa "ba ni" da "zo nan". Aiki dai bai ƙare ba, amma an kama hanya. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne maganar da ta rufe da ita: "Da na san akwai masu wannan aiki, da ban bari shekara biyu ta wuce ba." Saboda haka muka ga ya wajaba mu sanar da sauran jama'a, don kada wani gida ya yi irin wannan asara ta lokaci.

Wane ne masanin gyaran magana?

Shi ba likitan tiyata ba ne, ba kuma ya ba da ƙwaya ko allura. Ma'aikacin lafiya ne da ya yi karatun yadda ɗan Adam ke koyon harshe, da yadda leɓe da harshe da ganɗa da maƙogwaro ke haɗuwa su fitar da sauti, da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa wannan duka. Aikinsa horo ne da koyarwa, a hankali a hankali. Waɗanda yake taimaka wa sun haɗa da yaron da ya makara wajen magana, da mai tsamin baki, da mai in'ina, da yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa bayan an yi masa ɗinki, da kurman da aka sanya wa na'urar ji, da babban da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, da mai dishewar murya da ta ƙi wucewa, irin wadda kan sami malaman makaranta da masu wa'azi da ladanai da 'yan talla. Har ma wanda abinci ko ruwa ke sarƙe shi saboda haɗiya ta yi masa wuya, shi ma aikinsu ne.

Kowane yaro da saurinsa, wannan gaskiya ne. Amma akwai ma'auni da masana suka sani, kuma bai bambanta ba ko da wane harshe ake yi a gida. Jariri ɗan wata 6 zuwa 9 yakan yi ta gwalan-gwalan, yana "ba-ba-ba" da "da-da-da". Wajen shekara 1 yakan faɗi kalmarsa ta farko, ya kuma gane sunansa. Wajen shekara 2 yakan tara kalmomi kimanin 50, ya fara haɗa biyu. In ya kai shekara 3 mutanen gida kan gane yawancin abin da yake faɗa, a shekara 4 kuwa har baƙo yakan gane. To, idan yaro ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuwa ya fara magana sa'an nan ta ɗauke, wannan ba abin jira ba ne. A faɗa wa malamar asibiti ranar awo, a nemi ta rubuta takardar zuwa gaba.

Akwai wata magana da muke yawan ji a zango, wai harsuna ne suka yi wa yaro yawa: Hausa a gida, Tuwi ko Dagbani a waje, Turanci a makaranta, Larabci a makarantar allo. Har wasu iyaye kan daina yi wa ɗansu Hausa don wai kada ya rikice. Wannan kuskure ne. Binciken masana ya nuna cewa jin harshe biyu ko uku ba ya hana yaro magana. Dubi dai yaran unguwarku, nawa ne suka tashi da harshe uku ba tare da wata matsala ba? Uwa ta yi wa ɗanta magana da harshen da ya fi zama a bakinta, domin a nan ne za ta ba shi kalmomi masu yawa, da tatsuniya, da wasa.

Batun linzami kuma, ba ma raina sana'ar wanzamai, domin sun daɗe suna yi wa al'umma hidima. Gaskiya ne akan haifi jariri da ɗaurarren harshe, har ya hana shi kama nono sosai, kuma a asibiti akan gyara shi. Amma ɗaurin harshe ba ya sa yaro ya rasa kalmomi gaba ɗaya, domin kalma daga kunne da ƙwaƙwalwa take fitowa kafin ta iso harshe. Yanka a gida kuwa yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ga shi kuma a zauna ana jiran sakamakon da ba zai zo ba.

A fara da kunne

Abin da kunne bai ji ba, baki ba ya faɗa. Saboda haka duk yaron da ya makara, abu na farko shi ne a auna jinsa, ko da iyaye suna ganin yana ji. Yaro na iya jin ƙarar babur da bugun ƙofa, amma ƙananan sautuka irin su "s" da "sh" da "f" su wuce shi. Abubuwan da ke lalata jin yaro sun haɗa da ciwon kunne mai zubar da ruwa in aka bar shi ya daɗe, da ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, da kuma sanƙarau. 'Yan'uwanmu na arewa sun fi kowa sanin sanƙarau, domin yankinsu yana cikin ƙasashen da cutar ke tashi a lokacin rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau na bakteriya, 1 kan fita da wata larura mai daɗewa, kuma kurumta tana cikin waɗanda aka fi gani. Don haka duk yaron da ya warke daga sanƙarau, a nemi a auna jinsa ba tare da ɓata lokaci ba. A Amurka ƙa'idar da suke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma wannan ya nuna mana darajar sauri.

Idan kuwa aka tarar yaro kurma ne sosai, ba a rufe shi a ɗaki ba, ba a kuma tura shi bara. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuma yaron da ya koye ta da wuri hankalinsa kan buɗe kamar na kowa. Tun a 1957 wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame ta farko a ƙasar nan a Osu. Yau akwai irin waɗannan makarantu a Mampong ta Akwapim, da Jamasi, da Bechem, da Savelugu, da Wa, da wasu wurare.

In'ina ba abin dariya ba ce

Kimanin yara 5 cikin 100 kan yi in'ina a wani lokaci, yawanci tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma mafi yawansu kan bar ta da kansu. Wadda ta zauna har girma takan sami kimanin mutum 1 cikin 100, kuma ta fi yawa ga maza. Takan bi jini a wasu gidaje. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kwaikwayon wani mai in'ina ba, ba kuma alamar ƙarancin hankali ba ce. Amma tsawa da duka da dariya suna ƙara mata nauyi, har yaro ya tsani buɗe baki.

A nan muna roƙon malamanmu na makarantun allo da na Islamiyya da na boko. Yaron da ya tsaya cak a tsakiyar karatu, bakinsa na rawa, ba wasa yake yi ba, ba kuma rashin tilawa ba ne. Bulala ba za ta fitar da kalmar ba. A ba shi lokaci, a dube shi da fuska sake, kada a ƙarasa masa magana, kada a bar 'yan'uwansa su yi masa dariya. Abin mamaki, masu in'ina da yawa in suna karatu tare da jama'a baki ɗaya, ko suna rera abu, sai ta ɗauke musu. Malami mai hikima zai iya amfani da wannan. Mu tuna kuma Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa a kan nauyin harshensa, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Idan in'ina ta wuce wata 6, ko yaro ya fara jin kunyar magana, a nemi masani.

Dattijon da magana ta ɗauke masa

Hawan jini ya yi yawa a cikinmu, shanyewar ɓarin jiki kuma tana biye da shi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta kama sukan sami matsalar magana, musamman in ɓangaren dama na jiki ne ya shanye, domin ga yawancin mutane wurin sarrafa harshe yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda kuma shi ke riƙe da dama na jiki. Sai ka ga Alhaji ya san abin da yake so, amma kalmar ta ƙi zuwa, ko ya nemi ruwa ya ce "takalmi". Wannan ba hauka ba ce, ba kuma aljanu ba ne. Mutumin yana nan da hankalinsa da mutuncinsa. Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan, kada a yi masa magana kamar ƙaramin yaro. A yi masa gajerun tambayoyi da zai amsa da "i" ko "a'a", a nuna masa abu, a jira shi. Idan kuma yana tari ko sarƙewa duk lokacin da ya sha ruwa ko koko, a gaya wa likita nan da nan, domin abin da ya bi hanyar iska yana iya jawo ciwon huhu, wanda kan yi kisa.

Masanan kaɗan ne, hanya da nisa

To, ina za a sami waɗannan masana? Nan ne gizo ke saƙa. Shekaru da yawa masu wannan sana'a a Gana ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma duk a ƙasashen waje suka yi karatu. Sai a 2016 Jami'ar Gana ta buɗe kwas na digiri na biyu a wannan fanni a Korle Bu, rukunin farko suka fito a 2018. Jami'ar kimiyyar lafiya da ke Ho ita ma tana koyar da fannin magana da ji. An sami ci gaba ke nan, alhamdu lillahi. Amma ƙidayar 2021 ta nuna mun haura mutum miliyan 30, kuma yawancin masanan suna manyan biranen kudu. Gyaran magana kuwa ba zuwa ɗaya ba ne, abu ne na mako-mako, wata da watanni. Uwar da ke Bawku ko Tumu, wane kuɗin mota za ta biya, wa za ta bar wa sauran yara da sana'arta?

A nan ne wayar hannu ta shigo. Lokacin annobar korona, da aka rufe Ankara da Kumasi daga ranar 30 ga Maris 2020 har mako uku, ma'aikatan lafiya a nan da sauran duniya sun koma ganin mutane ta bidiyo don dole. Annoba ta wuce, amma dabarar ta zauna. Tun kafin nan ma an gwada ta. A Ostireliya, ƙasa mai faɗi da ƙauyuka masu nisa, an kwatanta yara masu in'ina da aka yi wa horo ta bidiyo da waɗanda aka gani a asibiti, da tsarin da ake kira Lidcombe, kuma sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna hanyoyin biyu sun yi aiki daidai wa daida.

Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa shi ne, ga ƙaramin yaro, ba masanin ne ke yin yawancin aikin ba, iyaye ne. Masani yana ganin yaro rabin awa ko fiye kaɗan a mako, uwa kuwa tana tare da shi dare da rana. Sai masanin ya kalli yadda uwa ke wasa da ɗanta ta waya, ya ce mata, "Ki sauko daidai fuskarsa. Ki riƙe ƙosan kusa da bakinki ki faɗi sunansa. Yanzu ki yi shiru ki jira shi. Ya ce 'ruwa', ke ki ce 'sha ruwa'." Haka za ta yi ta maimaitawa wajen wanka da cin abinci da hanyar kasuwa har mako ya zagayo.

Ga wanda zai gwada, ga abin da muka koya. A zaɓi lokacin da gidan haya ya yi shiru, a kashe rediyo da talabijin, a sallami 'yan kallo. A jingina wayar da wani abu, kada a riƙe ta a hannu, haske kuma ya kasance a fuskar yaro, ba a bayansa ba. A cika batir tun da wuri saboda ɗaukewar wuta. A tanadi kayan gida, kamar cokali da kofi da ƙwallo da 'yar tsana. Inda intanet ba ta da ƙarfi, a ɗauki ɗan gajeren bidiyo na minti 2 ko 3 a aika ta WhatsApp, masanin ya duba ya amsa da saƙon murya, wanda ko uwar da ba ta yi boko ba za ta saurara ta maimaita.

Abin da waya ba za ta yi ba

Kada dai mu ɗauka waya ta gama komai. Ba a auna ji da kiran bidiyo, sai an je inda na'ura take. Duba cikin kunne da baki da maƙogwaro, da matsalar haɗiya mai tsanani, su ma sai ido da ido. Waya kuma takan cinye wasu sautuka, ta yadda masani zai kasa bambance "s" da "sh" in layi ba kyau. Abin da ya fi shi ne a je sau ɗaya a yi cikakken bincike, sa'an nan a ci gaba ta waya, ana komawa jefi-jefi.

A yi hattara kuma da 'yan damfara. Duk wanda ya ce zai warkar da in'ina cikin kwana bakwai, ko ya ce a tura kuɗi ta MoMo ya aiko da garin magani, a guje shi. Masanin gaskiya yana da rajista da hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya mataimaka likita, wadda dokar 2013 ta kafa, kuma ba ya jin haushi in an tambaye shi shaidarsa. Hanya mafi aminci ita ce a same shi ta hannun asibiti. Bidiyon yaro kuma amana ne, a tambayi wa zai gani, kada a watsa shi a zaurukan WhatsApp na dangi. A tambayi kuɗin aiki tun farko, kada a ɗauka katin inshorar lafiya zai ɗauke komai. Masu ƙaramin ƙarfi su je ofishin jin daɗin jama'a na gundumarsu su tambayi kason da ake ware wa naƙasassu daga asusun gundumomi. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba su haƙƙi, ba alfarma ba ce.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu mu Hausawa musamman. Yawancin masanan nan da Turanci da Tuwi ko Ga suke aiki, kayan gwajinsu ma yawanci na Turanci ne. Wanda bai san Hausa ba, yaya zai gane yaro ya kasa bambance "ƙ" da "k", ko "ɗ" da "d", ko "ts" da "s"? Yaya zai horar da dattijon da bai taɓa yin Turanci ba? A yanzu dai mafita ita ce a sami wani ɗan gida mai jin harsunan biyu ya zauna a yi da shi, ya fassara abin da aka faɗa daidai, ba tare da ya gyara wa yaro magana ba. Amma mafita ta gaskiya ita ce 'ya'yanmu su shiga wannan karatu. Ɗan zango da ya tashi da Hausa da Tuwi da Turanci a baki ya riga ya mallaki rabin kayan aiki. Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa da masu hali, idan ana zancen tallafin karatu, a tuna da wannan fanni. Masani ɗaya mai jin Hausa, da waya a hannunsa, zai iya yi wa Nima da Bawku aiki a rana ɗaya.

Addu'a muna yi, ba za mu daina ba. Amma wanda ya yi addu'ar samun amfanin gona ba ya barin fartanya a ɗaki. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da dare, in gida ya yi shiru, kowa ya tsaya bayan ƙaramin ɗansa ya kira sunansa a hankali, ya ga ko zai waiwayo.

Masu tambaya ko ƙarin bayani su rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun hawan jini da gishirin da ke cikin abincinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya. Wassalam.